Yadda Na Samo Sunan Saura Awa

Hadiza, labari ya iso ni. An ce a gidan sunan nan na Ɗanzomo wata tsohuwa ta tambaye ki ko ke ce 'yar Malama Saura Awa, kika ɗaure fuska kika ce mata uwarki tana da suna, har kika bar abincinki kika fito. To, sannu da aiki. Na san don ni kika yi, Allah ya yi miki albarka, amma kin yi wauta, kuma laifina ne da ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin yadda yake ba. Abin da kuka sani shi ne abin da matan unguwa suka gaya muku, wai na tara mutane kallon husufin wata, wata ya ƙi, aka yi mini dariya. An yi dariyar kam, ban musa ba, har da masu riƙe ciki. Sai dai ba daga nan labarin ya fara ba, ba kuma nan ya tsaya ba. Ke lokacin shekararki biyar, kina wurin da gwangwaninki, amma na san ba abin da kika riƙe sai ƙarar kiɗan. Ki karanta wannan, ki miƙa wa ƙannenki, kowa ya huta da faɗa a kaina.

Labarin na Dada ne, kakarku, mahaifiyar babanku. Ta dawo wurinmu Gumel ne daga rugarsu da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, bayan kakanku ya rasu, shanu kuma sun ƙare sai 'yan kaɗan da ta bar wa ƙanenta, Kawu Buba. Ta zo da ƙoren nononta, da tabarmar sallarta, da wata rediyo mai rigar fata wadda ko bayan gida za ta sai ta ajiye ta a bakin ƙofa tana magana. Babanku ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsugune a gabanta, ni za ta juyo ta ce wa, gaya wa mutumin nan kaza. Ni kuwa 'yar cikin gari, 'yar ma'aikata, mai koyarwa a firamare, bakina ba ya shiru. Kowa ya zuba ido ya ga ranar da za mu yi. Ba mu yi ba. Ta raina furata, ta ce ko ɗan maraƙi ba zai sha ba, ta koya mini damu daga farko. Ni kuma nake saya mata batir duk ƙarshen wata ba tare da ta tambaya ba. Malama take kira na, in na yi abin kirki. In na yi shirme sai ta ce 'yar boko. Ina son matar nan kamar ita ta haife ni, ban kuma taɓa gaya mata ba, don da na faɗa da ta ce in tashi in ba ta wuri.

A shekarar da nake ba ku labari idonta ya fara tafiya. Ba ta faɗa ba, ni na gane. Ta daina tsince mini tsakuwa daga wake, ta ce wai bayanta ke ciwo. Ta zuba nono a gefen ƙwarya ta ce kaza ce ta ture hannunta, alhali ba kaza a wurin. Ranar da na ga ta tsaya tana yi wa turmi sannu da zuwa, don wani ya rataya masa zane, sai na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska. Da dabara na kai ta asibiti, da sunan za mu dubo wata mai haihuwa. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe mata gani, na dama zai gyaru in an yi aiki da wuri, na hagu kuwa ba ya so ya yi mana alkawari. Ya ce akwai likitocin ido da za su zo su yi mako guda, ya rubuta mana kati da rana. Muna fitowa Dada ta ce ashe mai haihuwar da muka zo dubawa ita ce, ta kuma ce ba mai sa mata ƙarfe a ido tana da rai.

Kada ku ɗauka taurin kai ne kawai. Tana da dalili. Yayarta ta yi irin wannan yanar, aka kai ta wurin wani mai aikin ido na gargajiya da ke zuwa ranar kasuwar Maigatari, ya sa mata tsinken ƙarfe ya ture yanar ciki. Ta yi kwana bakwai tana gani tana sa albarka, daga nan ido ya kumbura, duhu ya rufe, har ta koma ga Allah Dada ce ke jan ta. Duk bayanin da na yi cewa aikin likita daban ne, sai ta ce ƙarfe dai ƙarfe ne. Babanku kuwa, malamin dabbobi, mutumin da ke kayar da bijimi a kasuwar shanu ya yi masa allura, in ya zo gaban uwarsa sai ya koma kamar an jiƙa shi. Ya ce mini in bi ta a hankali. Kawu Buba da ya ji labari ya tako har gida, ya tsaya a zaure ya aiko a kira ni, ya ce yanzu dai tana ganin hanyar bayan gida, in aka taɓa ta ta rasa wannan ɗin ma, to ni na makantar da ita, kuma dangi ba za su manta ba. Na ce na ji. Na koma ciki, amma ban yaga katin ba, na sa shi a ƙarƙashin kwanonin jerena.

Saura kwana biyar ranar katin, Dada ta kwanta barcin rana, na ɗauko rediyonta na kai madafa ina suyar manja. Sai na ji mai labarai na wani gidan rediyon ƙasar waje yana cewa ranar kaza za a yi husufin wata, cikakke, za a gan shi a ƙasashenmu, wata zai rufe gaba ɗaya har ya koma ja. Ya ce za a fara da ƙarfe bakwai saura kwata. Daidai nan injin niƙan maƙwabta ya tashi, ban ji ƙarshen maganarsa ba, ban kuma damu ba, don na ji abin da nake ganin shi ne muhimmi. Na ƙirga da yatsu, ranar ta faɗo kwana biyu kafin ranar aikin. Gabana ya faɗi, har manjan ya ƙone.

Abin da ya sa, na san tarihin Dada da jan wata. Ta sha ba ni labarin wani dare a ruga da wata ya koma ja wur suna kallo, tsofaffi suka ce jini ne. A wannan shekarar ciwo ya shiga shanu, suna faɗuwa ana ja, kakanku ya bi su da baƙin ciki bai ƙara lafiya ba. Ta san abin da malamai ke faɗa, cewa wata da rana ba sa husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa, ta yarda da bakinta. Amma zuciyarta tana can a wancan daren. Na tabbata in wata ya yi ja ba zato, kwana biyu kafin a taɓa idonta, to magana ta ƙare, ko limamin gari ya zo ba za ta je ba. Sai na yanke shawarar in riga watan. In na gaya mata tun kafin ya faru, da ranarsa da lokacinsa, za ta ga abu ne mai tafiya a kan lissafi, ba saƙon mutuwa ne aka aiko mata ba.

Da la'asar na same ta tana jan carbi, maƙwabciyarmu Tabawa tana gefe tana ɓare gyaɗa. Kun san Tabawa, Allah ya jiƙanta, in ta ji magana da hantsi kafin azahar ta kai tasha. Na gaya wa Dada abin da zai faru. Ta tambaye ni yaushe na fara sanin gaibu. Na ce ba gaibu ba ne, lissafi ne, kamar yadda take ƙirga watanni ta ce saniya kaza za ta haihu kafin girbi, kuma ta haihu. Ta ce saniya tana gabanta tana shafa cikinta, wata kuwa wa ya shafa shi? Nan fa zuciyata ta ɗebe ni, bakin nan nawa da kuka sani ya riga hankalina. Na ce to mu yi haka, in an kama wata a lokacin da na faɗa, za ta yarda masu ilimin nan sun san abin da suke yi, ta bi ni asibiti. Ta juyo da fararen idanunta wajena.

"In kuma ba a kama shi ba fa, 'yar boko?"

"Ki ƙona katin da hannunki, Dada. Ba zan ƙara ta da maganar ba."

Ta ce Tabawa ta shaida. Tabawa ta ce ta shaida, ta tattara gyaɗarta ko gama ɓarewa ba ta yi ba. Washegari a makaranta ni ma na ƙara wa wutar itace, na gaya wa 'yan ajina, na zana musu a allo, na ce kowa ya gaya wa iyayensa ƙarfe bakwai saura kwata. Da babanku ya dawo daga Maigatari ya ji, bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya daɗe yana kallona, ya ce na ɗauki idon uwarsa na ɗora a kan agogo. Wannan maganar ta fi mari zafi, don gaskiya ce.

Ranar husufin ta zo. Lokacin sanyi ne, gari garau, ba gajimare ko ɗaya. Ana idar da magariba tsakar gidanmu ta cika, mata da tabarminsu, yara da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni, don al'adarmu in rana ta kama wata sai yara su yi ta kiɗa suna roƙonta ta sake shi. Maza suna ƙofar gida tare da babanku. Kawu Buba ma ya zo, wai ya kawo rago sayarwa ne dare ya yi masa. Na shimfiɗa wa Dada buzu kusa da kaskon wuta, na lulluɓe ta da bargo. Tabawa ta karɓi agogon babanku ta riƙe, ta ce ita ce alƙali. Wata ya taso daga gabas ta saman dalbejiyar gidan, cikakke, fari tas kamar an wanke shi.

Bakwai saura kwata ta yi. Ba komai. Na ce a ba shi minti biyar, farkonsa ba ya ganuwa sosai. Bakwai ta buga, wata sai ƙara haske yake yi kamar da gayya. Tabawa ta ce ko dai watan ba shi da rediyo ne, bai ji sanarwar ba. Wata mata ta ce a aika masa da takarda, tun da Malama ta iya rubutu. Yaran da suka gaji da jira suka fara kiɗan gwangwani suna tsalle, har da 'yan ajina, har da ke Hadiza, kin fi kowa bugawa. Ina tsaye a tsakiya, wuyana ya ƙage da kallon sama, cikin sanyin nan gumi yana bin bayana. Ba kunyar ce ta fi damuna ba, ko da yake ita ma ta ishe ni. Abin da nake gani shi ne na kashe wa Dada ido da bakina. Bakwai da kwata ta wuce, mata suka fara naɗe tabarmi, an kusa kiran isha'i. Sai ga muryar Kawu Buba daga zaure, cikin ladabi sosai, yana cewa a tuna wa Malama akwai alkawari.

Na shiga ɗaki na ɗaga kwanoni na ɗauko katin. Na durƙusa na sa shi a hannun Dada. Na so in ce wani abu, murya ta ƙi fita daidai, abin da ya fito kawai shi ne ga shi. Kasko yana gabanta, garwashi ja, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta juya katin, ta shafa shi da yatsa, ta daɗe. Sannan ta tambaye ni, ba da ƙarfi ba, a wace tasha na ji, ta gida ko ta waje. Na ce ta waje, shirin rana. Sai ta yi tsaki mai tsawo.

"Kai, 'yar boko, Allah ya shirye ki. Mutanen nan in sun ce shida, mu nan bakwai ce. Kullum sai sun faɗi agogonsu sannan su faɗi namu. Shekara nawa ina tashi salla da su?" Ta ɗaga murya yadda har zaure za a ji. "Tabawa, ku dawo ku zauna. Saura awa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Agogon GMT! Abin da ko mai shayi a tasha ya sani, abin da ni da kaina nake koya wa 'yan aji shida, shi na manta, injin niƙa ya cinye mini rabin magana ban kuma tsaya na yi tunani ba. A gaskiya lokacin bai fi saura minti ashirin ba, amma Dada ba ta taɓa yarda da minti ba, komai a wurinta awa ne. Tabawa ta fashe da dariya har agogon ya faɗi, tana maimaitawa, saura awa, Malama saura awa. To kun ji inda sunan ya fito. Daga bakin kakarku ya fito, Tabawa dillaliya ce kawai.

Maza suna cikin sallar isha'i wata yarinya ta nuna sama. Gefen watan na ƙasa ya yi duhu, kamar an gutsiri waina. Tabawa ta duba agogo, takwas saura kwata da ɗan abin da ba a rasa ba, ta kama baki. Gwangwanaye suka ɓarke, na gidanmu da na maƙwabta da na unguwannin nesa, gari duka ya ɗauka. Mata suka yi ta salati, wasu suka tashi suka kabbara nafila, ni ma na yi raka'a biyu, kuma ban taɓa yin sujadar da na daɗe kamar ta ranar ba. Duhun yana ci a hankali, ba gaggawa, fiye da awa guda yana ci. Hasken tsakar gida ya dushe, taurarin da farin wata ya ɓoye suka fito fal. Da ɗan siririn farin da ya rage ya ɗauke, sai watan ya koma ja, ja mai duhu, ya rataya a sama kamar sabuwar tukunya da aka ciro daga wuta. Yara da kansu suka sassauta kiɗa.

Na dawo na zauna kusa da Dada. Ta kama wuyan hannuna, tafinta sanyi ƙalau, ta ce ta ji mutane sun yi shiru, ya yi ja ke nan? Na ce ya yi. Ta ce irin na jini? Na ce a'a. Ta ce to in ba jini ba ne mene ne, tun da na ce na sani, in faɗa mata da Hausar da za ta gane, ban da ta allo. A aji da tocila da ƙwallo nake nunawa, amma me tocila za ta yi wa wadda ba ta gani? Sai idona ya faɗa kan faifan da muke fifita wuta. Na ce ta fuskanci kasko. Na ce wannan wutar ita ce rana, fuskarki ita ce wata, shi ba shi da hasken kansa, na rana yake ara. Na sa faifai tsakaninta da garwashin, na ce wannan kuma duniya ce da muke kai, yau ta shiga tsakani, inuwarmu ce ta faɗa masa. Ta ce ta ji zafin ya ɗauke. Na ce duka? Ta ɗan saurara, ta ce a'a, akwai ɗan ɗumi da ke zagayowa ta gefe yana taɓa mata kunne. Na ce to haka hasken rana yake yi, iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwaso kaɗan daga cikinsa ta gefe-gefe, ya isa ga wata.

Ta ce ta ji wannan, amma me ya sa ja? Na tambaye ta, in suna koro shanu gida da yamma, rana tana gab da faɗuwa, wane launi take? Ta ce ja, har farar saniya sai ta koma ja. Na ce da asuba fa? Ta ce haka. Na ce saboda a lokacin hasken yana ratso iska mai yawa kafin ya iso mu, sauran launukan sai su watse a hanya, jan ne mai jure tafiya. Yanzu haka a gefen duniya akwai inda rana ke faɗuwa, akwai inda take fitowa, zagaye guda, to jan duk waɗannan wuraren ne ya taru ya sauka a kan wata. Na zaci ba ta gane ba.

"Ashe magaribar mutane ce," in ji ta. "Wasu can suna koro shanunsu."

Na ce ita ce, Dada. Ta saki hannuna, ta ɗaga fuska sama tana nema. Sai na ga tana kallon wajen saman ɗakin girki, nesa da inda watan yake. Da yana fari tana ganinsa dishi-dishi, kamar fitila a bayan zane, yanzu da ya dushe ya ɓace mata ɗungum. Na sa hannu na juya haɓarta daidai, na ce ga shi nan. Ta ƙura, ta ƙura, ta murza ido da gefen bargo ta sake ƙurawa. Ta ce ba ta ga komai ba. Ta ce wancan karon da idonta garau ta rufe fuska don tsoro, yau da take so ta kalla an hana ta, yaran da ba su san ciwon kansu ba duk sun gani ban da ita. Haushi ne a muryarta, irin na wadda aka raba nama aka tsallake ta. Ni kuwa hawaye nake yi, na gode Allah da ba ta gani. Ta ƙulle katin a bakin zanenta, ƙulli biyu. Babanku ya shigo yana tsaye a bayanmu, ta san yana nan, don ta san takunsa.

"Gaya wa mutumin nan ya nemo mota jibi," ta ce.

Kada ku zaci daga nan hankalina ya kwanta. Kwana biyun nan ban ci abincin kirki ba, maganar Kawu Buba tana yi mini yawo a kai. Da aka shiga da ita ɗakin aiki na zauna a kan benci ina karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba na wurin ba. Washegari aka kwance bandejin. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ta dubi likita, ta dubi taga, sannan ta dubo ni daga sama har ƙasa. Ta ce ashe na yi furfura ban gaya mata ba, kuma wannan atamfar ba ta karɓe ni ba. Na dama ya buɗe tar. Na hagu bai dawo ba, an makara, kuma har yau ina cewa da na lura tun ranar da ta daina tsintar wake, wataƙila da an same shi. Wannan yana cikina, ba wanda zai cire mini. Kawu Buba bai ba ni haƙuri ba, ba a san su da haka ba. Bayan mako guda dai aka aiko mini da ƙwaryar man shanu, ba saƙo, na kuma gane.

Bayan 'yan shekaru aka sake yin wani husufin. Wannan karon ita ta ji a rediyo, ita ta ƙara awarta, ita ta aika a gaya wa Tabawa. Ta sa tabaranta, ta zauna tun kafin lokaci, ba ta ko ƙifta ba har ya rufe. Da ya yi ja ta daɗe tana kallo, sannan ta ce na cuce ta a bayani, wannan ai ba jan magariba ba ne sosai, jan saniyar da kakanku ya ba ta ne ranar da aka kai ta amarya, mai farin goshi. Ta faɗi sunan saniyar da Fulatanci, ta yi dariya ita kaɗai. A wannan zaman ne na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce Dada, ran nan kati yana hannunki, wuta tana gabanki, kina tsoron ƙarfe kamar mutuwa, da kin yi shiru minti ɗaya kin ci ni, ba wanda zai ce kin yi ha'inci. Me ya sa kika tona? Ba ta sauke ido daga sama ba.

"Na ji muryarki lokacin da kika ce ga shi. Ban taɓa jin ki haka ba. Na ce in na ƙona takardar nan, yarinyar nan ba za ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba, wa zai riƙa yi mini surutu?" Ta gyara tabarau. "Tsoron bai tafi ba, Malama. Da shi na shiga motar."

Ta yi shekara goma sha ɗaya tana gani da wannan ido guda. Da shi ta ga aurenki, Hadiza, da shi ta zaɓar miki ƙwaryar da har yau kike damu a ciki. Don haka in kin sake haɗuwa da tsohuwar nan ta Ɗanzomo, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ba ta haƙurin abincin da kika bari. In ta tambaye ki ko ke ce 'yar Saura Awa, ki ce ke ce. Duk sunayen da aka kira ni da su a duniya, wannan kaɗai ne Dada ta raɗa mini.